Kukan Inji da Rawar Jikin Babur: Wanne Ne Halitta, Wanne Ne Ciwo?

A shekarar 2012 gwamnatin Jihar Yobe ta hana hawa babur saboda matsalar tsaro, kuma dokar ta daɗe kafin a fara sassauta ta yanki-yanki a zamanin Gwamna Mai Mala Buni, har aka kammala ɗage ta a 2023. An yi ta magana a kan asarar da 'yan acaɓa da manoma da 'yan kasuwa suka yi a tsawon wannan lokaci, amma akwai wata asarar da ba a cika ambata ba, wato ta kunne. Yaron da ya tashi a gidan da ake tayar da babur kullum da safe yana sanin kukan lafiyayyen inji tun kafin ƙafarsa ta kai ƙasa daga kan kujera, ba tare da kowa ya zaunar da shi ya koya masa ba. Saurayin da ya sayi babur ɗinsa na farko yau a Gashuwa ko Nguru ya yi ƙuruciyarsa a lokacin da titi ya koma na keke da Keke Napep, don haka sau da yawa yakan hau inji ne da kuɗinsa da zumuɗinsa, amma ba shi da ma'aunin da zai gwada abin da yake ji. Ra'ayina shi ne, abin da ya fi kashe wa sabon mai babur kuɗi shi ne rashin bambance ƙarar da aka ƙera injin da ita daga ƙarar da ta shigo daga baya. Mai wannan rashi yana asara ta fuska biyu: ya kai lafiyayyen inji a kwance masa, ko ya ci gaba da murza totur a kan injin da ke neman bugawa.

Matsalar ta fi tsanani ga wanda ya sayi babban babur na ƙasaita, irin mai kujera ƙasa-ƙasa da faɗin kai da matakin ƙafa can gaba, wanda ake kira kuruza. Irinsa ba shi da yawa a arewacin Yobe, inda Boxer da TVS da Jincheng da Haojue suka cika hanya, kuma ƙarancinsa shi ne tushen damuwar mai shi, domin ba shi da wani na kusa da zai jera nasa da shi ya saurara. Galibi kuma na hannu ne, ɗan Kwatano, Honda Shadow ko Yamaha Virago ko Suzuki Intruder da ya yi shekaru a wata ƙasa kafin ya iso. Amma dokar ƙarfe ɗaya ce ga babba da ƙarami, kuma duk wanda ya fahimci dalilin da ya sa Boxer ke kakkarwa ya riga ya fahimci rabin labarin kuruza.

Injin babur na yau yana aiki ne a zagaye huɗu: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, fulogi ya kunna wuta su fashe su tura fistin ƙasa, sannan ya fitar da hayaƙi. A cikin juyi biyu na karanshaf, sau ɗaya kawai ake samun turi. Injin mai silinda ɗaya da ke silo a juyi 1,400 cikin minti yana fashewa sau 700 a minti, kusan sau 12 a daƙiƙa, kuma tsakanin kowace fashewa da mai bi mata, nauyin ƙarfen da ke juyawa ne kawai ke ɗauke da shi. Idan aka kai juyi 6,000, fistin na hawa da sauka sau 100 a daƙiƙa, yana tsayawa cak ya juya baya sau 200. Maƙera suna sa nauyi a jikin karanshaf don ya rage wannan fizga, sai dai nauyin da ke zagaye ba zai iya soke motsin abin da ke tafiya sama da ƙasa gaba ɗaya ba. Iyakarsa ya rage girgizar sama da ƙasa ya mayar da wani kaso nata gaba da baya. Saboda haka injin silinda ɗaya da ba ya rawa ko kaɗan babu shi, sai dai a ƙara masa wani sandan daidaito da ke juyawa a cikinsa don ya shanye girgizar. Kamfanin Royal Enfield na Indiya, wanda baburansa suka yi suna da kakkarwa shekara da shekaru, ya fito da sabon inji mai irin wannan sanda a Meteor 350 a 2020, masu hawa suka samu sauƙi.

A kuruza mai silinda biyu da aka kafa kamar baki buɗe, lamarin ya ƙara wani salo. A sanannen injin Harley-Davidson na Amurka, silinda biyun suna da kusurwar digiri 45 a tsakaninsu, kuma fistin biyun suna rataye a wuri ɗaya a jikin karanshaf. Idan na farko ya fashe, na biyu yakan biyo bayan digiri 315, sannan a yi jiran digiri 405 kafin na farko ya dawo. Kamar mata biyu ne suna lugude a turmi ɗaya amma ɗaya na riga lokacinta kaɗan, sai sautin ya fito bibbiyu da ɗan numfashi a tsakani. Wanda ya saba da kukan Boxer, idan ya ji wannan a silo, zai rantse fulogi ɗaya ya mutu ko kabireta ta toshe, alhali haka aka ƙera shi. Kamfanin ya ɗauki wannan sauti da daraja har ya nemi a yi masa rajistarsa a matsayin alamar kasuwanci a 1994, wasu kamfanoni har da na Japan suka ƙalubalance shi, ya janye a 2000. Abin lura a nan shi ne, masu ƙera baburan Japan sun san yadda ake rage wannan rawa, kuma sun yi hakan a wasu nau'o'in Shadow ta hanyar raba wa kowane fistin wurin ratayarsa. Amma a tsakiyar shekarun 1990 Honda ta fito da wani Shadow mai rataya ɗaya da gangan, ta yarda ta rasa ɗan ƙarfi da laushi don ta samu waccan gurnani. Ke nan a wannan jinsin babur, rawar jiki wani ɓangare ne na hajar da aka sayar. Harley da kanta ta soma ɗora injinta a kan roba a wasu baburanta tun 1980, shi ya sa za ka ga injin na tsalle a cikin firam idan yana tsaye, kai da madubi na karkarwa, amma da an hau titi an ɗaga giya sai jikin ya lafa.

Bayan rawa sai ƙananan sautuka, waɗanda su ne suka fi hana sabon mai babur barci. Mafi yawan injunan baburan da ke kan hanyoyinmu iska ce ke sanyaya su, ba su da rigar ruwa da za ta danne sautin ciki, kuma fikafikan da ke jikin silinda suna ƙara fito da shi. Ɗan ƙyas-ƙyas da ake ji a saman inji na bawul ne. Da gangan ake barin rata tsakanin bawul da abin da ke danna shi, a ƙananan injuna tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.1, kusan kaurin gashin kai, domin ƙarfe yana kumbura idan ya yi zafi. Injin Honda CG125, wanda ya fito a 1975 kuma kamfanonin Sin da dama suka kwaikwaya, yana danna bawul ɗinsa ne da sanduna, saboda Honda ta ƙera shi ne don ƙasashen da ba a cika canza baƙin mai a kan kari ba. Irin wannan inji ya fi mai taimin cen surutu, kuma surutun nasa ba alamar tsufa ba ce. Ɗas ɗin da ake ji in an sa giya ta ɗaya da safe daga kuloci yake, wanda ke jiƙe cikin baƙin mai, mai sanyi kuma yana riƙe farantansa. Siririn kukan da ke tashi da sauka tare da totur na haƙoran giya ne. Shi kuwa ƙas-ƙas ɗin da ake ji bayan an kashe inji an jingine babur a inuwa, ƙarfe ne ke komawa girmansa: alminiyom yana kumbura kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka kan silinda da bakin salansa ba sa hucewa tare. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Nguru da Gashuwa ke haura digiri 40, wannan sauti yakan fi fitowa, baƙin mai ma yakan tsinke ya bar sautukan ciki su fi bayyana fiye da yadda suke a sanyin hunturu.

Za a ce, to ai rigakafi ya fi magani, gara a kai wa bakanike duk abin da aka ji ko da ba komai ba ne. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma da kai babur gareji yana nufin a saurara a gwada a sallame ka, da ban ja da ita ba. Sai dai mai babur da ya zo yana cewa, "Oga, wannan ƙarar ta dame ni, a kashe min ita," ya riga ya yanke wa bakanike abin da zai yi, shi kuma yana son ya faranta wa mai kawo masa aiki. Hanya mafi sauƙi ta kashe ƙarar bawul ita ce a matse ratar. Injin zai yi tsit, mai shi ya biya ya tafi yana sa albarka. Amma bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In babu rata, da inji ya ɗau zafi ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa tana cinsa, ƙarfi ya ragu, tashin safe ya yi wuya, daga ƙarshe a sayi sabon bawul. Garin neman gira an rasa ido. Haka nan kwance inji a buɗaɗɗen fili lokacin da iskar hunturu ke ɗauke da ƙura, a shimfiɗa kayan ciki a kan kwali, a ɗaure noti da ƙiyasin hannu, a mayar da tsohon gasket, duk haɗari ne da bai kamata a ɗauka ba sai da dalili. Ban faɗi wannan don rage darajar bakanikenmu ba. A cikinsu akwai waɗanda ke ɗora bakin sukundireba a jikin inji su kanga kunne a ƙotarta su faɗa maka inda ciwon yake, kuma irin waɗannan su ne suka fi saurin ce maka ka tafi da abinka, lafiyarsa ƙalau.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi a wurina. Kalmar "ai haka yake" ita ce mafakar duk mai son sayar da ruɓaɓɓen kaya. Mai saye ya dawo bayan kwana uku yana cewa injin na ƙwanƙwasa, mai sayarwa ya ce, "Alhaji, ai babban inji ne, haka suke." Idan aka koya wa mutane cewa ƙara halitta ce, ashe ba an ba mayaudari makami ba? Amsar ita ce a ba mai saye ma'aunin da zai riƙe da kansa, kuma ma'aunin yana da sauƙi. Ƙarar halitta tana nan tun ranar farko, tana bin juyin inji daidai, ba ta ƙaruwa daga mako zuwa mako, kuma ba ta zuwa da rakiya. Ƙarar ciwo sabuwa ce, tana girma, kuma kusan kullum tana tafe da wani abu: raguwar ƙarfi, shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi, zafi fiye da kima, ko ƙyallin garin ƙarfe a cikin man da aka juye. Ƙwanƙwasa mai zurfi daga ƙasan inji, wadda ke ƙara nauyi in an murza totur, ta boris ɗin karanshaf ce ko ta konrod, kuma babu injin da aka ƙera da ita. Kacau-kacau a gefen silinda da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama yana nuni ga taimin cen da ya saki. Fat-fat mai kaifi daga gaban inji, da baƙin tabo a inda salansa ta haɗu da silinda, yoyon hayaƙi ne. Yau kusan kowa na da waya a aljihu, don haka babu abin da zai hana mai sabon babur ya naɗi sautinsa a makon farko, a sanyi da kuma bayan ya yi zafi, ya adana. Kunne yana sabawa da ƙarar da ke ƙaruwa a hankali har ya daina jinta, amma abin da aka naɗa yana nan yadda yake. Wanda kuma zai sayi na hannu, ya dage sai an tayar masa da injin a sanyi a gabansa, ya taɓa silinda ya tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba, domin zafi yana rufe wasu asirai.

Ita ma rawar jiki tana da gwajin da ba ya cin ko sisi. A kan miƙaƙƙiyar kwalta da ba cunkoso, in an kai gudun da rawar ke fitowa, a kama kuloci a saki totur. Idan rawar ta ɗauke tare da saukar juyin inji, daga inji take. A duba notukan da suka riƙe shi a firam, in suna ɗaure, to mai yiwuwa halittarsa ce. Kowane babur yana da wani juyi da jikinsa ke amsawa, madubi ya dushe, tanki ya yi ziza, a ɗan ƙara ko a rage wuta sai ya wuce. Idan kuwa rawar ta ci gaba alhali inji ya koma silo, to maganar ta koma kan taya, sifok, boris ɗin taya ko sarƙa, kuma wannan ce ta fi haɗari, domin inji in ya lalace tsayar da kai yake yi, taya kuwa kayar da kai take yi. Sarƙa tana bukatar ɗan sako-sako, a yawancin ƙananan babura milimita 20 zuwa 30 a tsakiyarta. Wadda aka ja ta yi tsam tana kuka tana cin boris, wadda ta saki da yawa tana dukan murfinta.

Akwai mai cewa duk wannan lissafin kwalta ne, an rubuta shi don titunan Japan da Indiya, mu kuwa da an bar babbar hanyar da ta bi ta Jajimaji ta haɗa Nguru da Gashuwa, sai rairayi da gargada. Gaskiya ne, kuma ƙasarmu tana ƙara wa inji sautukan da littafin kamfani bai yi dogon bayani a kansu ba. Wanda ya nufi ƙauyukan Yusufari ko Machina yana tafiya ne a ƙaramar giya da wuta mai yawa da gudu kaɗan, wato inji na aiki tuƙuru a lokacin da iskar da za ta sanyaya shi ta yi ƙaranci. A nan ne ake jin wani ƙaras-ƙaras mai kaifi in an matsa wa babur a babbar giya da kaya a baya: fetur ne ke fashewa ba bisa tsari ba saboda zafi da nauyi, ko saboda man da aka saya a kwalba a bakin hanya ba mai kyau ba ne. Sauko da giya yakan kashe shi nan take. In ya zama na kullum, yana iya huda kan fistin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa suna sa a rage wa kabireta mai don lita ta yi nisa, kuma injin da aka ƙuntata wa mai yana ƙara zafi, yana tari a salansa in an saki totur, yana kusantar wancan ƙaras-ƙaras ɗin. Abin da aka tara a gidan mai yana iya komawa ga mai sayar da fistin da ringi. Ƙura kuma, in matatar iska ta yage ko aka cire ta, tana shiga silinda ta goge shi, sai sautin da ya fara da ɗan shafa ya koma ƙwanƙwasa cikin watanni. Gargada tana kwance noti, shi ya sa kaso mai yawa na abin da sabon mai babur ke zaton ciwon inji ne, murfin sarƙa ne ko lamba ko marfin salansa ke kaɗawa. A bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya inji na silo, duk wanda aka dafa ƙarar ta tsaya, an kama ɓarawon. A daminar fadamun Kogin Yobe kuwa, ruwa da laka suna wanke man sarƙa da na boris su bar su suna kuka. Game da kuruza, dole a faɗi abin da mai shi ba zai so ji ba: nauyinsa da kusancin cikinsa da ƙasa sun sa shi babur ne na kwalta, a wanda iska ke sanyayawa kuma, silindarsa ta baya tana samun iska ƙasa da ta gaba, don haka doguwar tafiya a yashi tana gasa ta fiye da yadda aka tsara.

Wata ƙarar kuma mai babur ne ke sayenta da kuɗinsa. Samari suna fasa cikin salansa ko su sa wadda ba ta da komai a ciki, a zatonsu ƙara ita ce ƙarfi. A injin kabireta, wannan yakan sauya yadda hayaƙi ke fita har cakuɗin mai da iska ya baci, sau da yawa ƙarfin tashi ya ragu. Ga hakkin maƙwabta da marasa lafiya da masu salla. Ga kuma kunnen mai hawan kansa, tunda masana lafiyar ma'aikata sun sa ma'aunin ƙara 85 a matsayin iyakar da bai kamata a wuce ba a aikin awa takwas, buɗaɗɗiyar salansa kuwa tana haura wannan nesa. Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne, mai irin wannan salansa ya toshe wa kansa hanyar jin bawul da cen da boris, ya zama na ƙarshe da zai san injinsa na ciwo. Rawar da ke sa yatsu su yi sanyi su mutu bayan doguwar tafiya ita ma ba abin jurewa don nuna jarumta ba ce, musamman ga ɗan acaɓa da ke wuni a kan babur. A sassauta riƙo, a mayar da nauyin da ke ƙarshen kai in ya faɗi, a canza robar hannu, in mutuwar yatsun ta ƙi wucewa bayan an huta a je asibiti.

Sabon inji fil yana da nasa lokacin sabo. Littattafan kamfanoni galibi suna neman a lallaɓa shi a kilomita 500 zuwa 1,000 na farko, kada a ƙure masa wuta, kada a ɗora masa buhunan gero tun ranar da aka fito da shi, sannan a juye man farko a kan kari, domin a cikinsa ne ɓurɓushin gogayyar farko ke taruwa. A wannan lokaci sautinsa yakan ɗan sauya, giya ta yi laushi, ratar bawul ta motsa, shi ya sa ake auna ta a sabis na farko da ma'aunin rata, inji a sanyi, bisa adadin da littafin ya faɗa. Daga nan ne sautin ke zama, kuma shi ne wanda ya kamata a sake naɗa a riƙe. Akwai kuma hali uku da ba a tsayawa nazari ko neman shawara a cikinsu: fitilar baƙin mai ta kama a babur mai ita, ko ƙwanƙwasa mai nauyi ta ɓullo farat ɗaya, ko inji ya fara riƙewa yana neman tsayawa da kansa ana cikin tafiya. A nan sai a kama kuloci, a gangara gefe, a kashe, a duba mai, in ta kama a tura shi ko a ɗora shi a mota zuwa gari, domin 'yan kilomitocin da za a ƙara a haka su ne ke mayar da gyaran boris ɗaya ya zama sayen karanshaf da silinda.